Hannun jarin kamfani ɗaya ko sukuk: lissafin da muka yi wa miliyan biyun ƙanena

Ƙanena malamin makaranta ne a Kubwa. Kwasar adashen wurin aikinsu ta faɗo kansa, ya haɗa da kuɗin babur ɗin da ya sayar, suka tashi naira miliyan 2 cif. 'Yarsa ta fari tana aji shida na firamare, kuma niyyarsa ya ajiye kuɗin inda za su hayayyafa har shekara bakwai, lokacin da za ta nemi shiga jami'a. Bayan sallar isha'i ya same ni a teburin mai shayin layinmu, ya miƙo min wayarsa.

"Yaya, dubi yadda hannun jarin kamfanin nan ya ninka cikin shekara biyu. Ni dai zuba su zan yi gaba ɗaya."

Mai ɗakinsa ba ta yarda ba. Ita sukuk ɗin gwamnatin tarayya take so, don ta ji ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, kuma uwar kuɗi tana dawowa. Wani abokin aikinsa kuma yana ta zuga shi ya sayi fili ta wajen Kuje. Ni aikina lissafin kuɗi ne, shi ya sa aka kawo min shari'ar. Na karɓi biro a hannun mai shayi, muka juya bayan kwalin madara, muka fara.

Abin da na nuna masa shi ne lissafin tsammani. Duk ɗan gwari ya san shi ko da bai san sunansa ba. A ce mutum yana kawo tumatir Abuja daga Filato. Cikin tafiya goma, shida yana cin ribar naira 200,000, uku kasuwa ta cika ya tashi babu ci babu faɗuwa, ɗaya kuma mota ta lalace a hanya kaya su ruɓe ya yi asarar 500,000. Ribar tafiya shida miliyan 1 da dubu 200 ke nan. A cire asarar nan, saura 700,000. A raba gida goma, kowace tafiya ta tashi a 70,000. Babu ranar da ya taɓa dawowa gida da 70,000 daidai, amma ita ce ainihin darajar tafiya ɗaya a sana'arsa. Lissafin ke nan gaba ɗaya: ka jera abubuwan da za su iya faruwa, ka ba kowanne nauyinsa gwargwadon yiwuwarsa, ka tara. Ya sha bamban da tsammanin warabbuka, domin shi wannan yana tilasta maka ka rubuta mummunan sakamako da hannunka kafin ka saki kuɗi. Kuma shi ne ke fallasa cacar ƙwallo da ta addabi samarinmu, don an gina ta ne yadda jimillar kullum za ta fito ƙasa da abin da aka zuba.

Na ce masa ya ɗauka akwai mutum ɗari irinsa, kowa ya zuba miliyan 2 a kamfani ɗaya mai kama da nasa, ya bari shekara bakwai, yana mayar da rabon ribar da ake ba shi. Alƙaluman da za su biyo baya ƙiyasinmu ne mu biyu a bakin teburin shayi, kowa yana iya sa nasa. Muka ce mutum 20 abin zai yi musu kyau ƙwarai, kuɗinsu su kai miliyan 16. Mutum 40 za su samu miliyan 7. Mutum 25 za su tarar da kuɗin sun ɗan motsa kawai, miliyan 2 da rabi. Mutum 15 kuwa kamfanin zai durƙushe, su tsira da 400,000. Da muka auna kowanne da nauyinsa, na farko ya ba da miliyan 3.2, na biyu miliyan 2.8, na uku 625,000, na ƙarshe 60,000. Jimilla wajen miliyan 6.7.

Fuskarsa ta washe. Na ce masa ya dakata mu auna ɗaya ɓangaren.

Sukuk takarda ce da Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ke fitarwa a madadin gwamnatin tarayya. Ana gina hanyoyi da kuɗin, gwamnati kuma tana biyan masu takardar haya maimakon kuɗin ruwa, shi ya sa mutanenmu da yawa suka karɓe ta hannu bibbiyu. Na farko an fitar da shi a 2017, na naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, hayar kashi 16.47 cikin 100 a shekara. Na 2020 hayarsa ta sauka zuwa 11.2, na 2025 ta hau zuwa 19.75. Ana iya shiga da naira 10,000. Mu sai muka ɗauki 18 don sauƙin lissafi. Miliyan 2 za ta riƙa kawo 360,000 duk shekara. Shekara bakwai miliyan 2.52 ke nan, a haɗa da uwar kuɗi, miliyan 4.52. Idan kuma bai taɓa hayar ba, yana sake juya ta a wurin da ke ba da irin wannan kaso, kuɗin za su kai wajen miliyan 6.4.

To ga su gefe da gefe: 6.7 da 6.4. Tazarar ba ta wuce 300,000 ba a shekara bakwai. Kuma don wannan 'yar tazarar ne zai karɓi yiwuwar kashi 40 cikin 100 na ƙarewa da miliyan 2 da rabi ko ƙasa da haka, alhali ko mai sukuk da ya cinye hayarsa kaf yana da uwar kuɗinsa a ƙarshe, ga abin da ya riga ya ci. A nan ne na fi daɗewa da shi, domin a nan mutane suka fi ruɗewa. Ɗan gwari yana yin tafiya ɗari a rayuwarsa, asarar yau ribar gobe za ta cike ta, shi ya sa matsakaicin yake zama gaskiya a aljihunsa. Ƙanena tafiya ɗaya zai yi da wannan kuɗin. Ba zai samu miliyan 6.7 ba. Zai zama ɗaya ne daga cikin mutum ɗarin nan, kuma idan ya faɗo cikin sha biyar ɗin ƙarshe, babu wanda zai gutsuro masa daga miliyan 16 ɗin wani.

Akwai kuma wani abu da lissafin ya tona. Kusan rabin miliyan 6.7 ɗin nan daga reshe ɗaya ya fito, na mutum 20 masu babban rabo. Na ce masa, wa ya tabbatar mana ashirin ne ba goma ba? Muka mayar da su goma, muka ƙara sauran goman a kan waɗanda kuɗinsu ya ɗan motsa kawai. Nan take jimillar ta faɗo zuwa miliyan 5.3, ƙasa da sukuk da fiye da miliyan guda. Gyara ɗaya tak, hukunci ya juye. Ba a Najeriya kaɗai ake ganin haka ba. Wani malamin jami'a a Amurka, Hendrik Bessembinder, ya bi diddigin kamfanonin kasuwar hannun jarin ƙasarsu daga 1926 zuwa 2016, ya gano cewa kimanin kashi 4 cikin 100 na kamfanonin ne suka samar da dukkan ƙarin arzikin da kasuwar ta yi a kan takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci, kuma fiye da rabin kamfanonin ba su ma kamo waɗannan takardun ba. Kasuwa a dunƙule tana ciyar da mutum, amma kamfani guda da ka zaɓa da hannunka ya fi yiwuwa ya kasance cikin masu yawa, ba cikin 'yan tsirarun ba.

Ya ce min, "Yaya, ai sha biyar ɗin nan ka cika tsoro. Babban kamfani ne fa."

Sai na tuna masa da Baffanmu. Lokacin da Charles Soludo yake gwamnan Babban Banki ya umarci bankuna su ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, tallar hannun jari ta cika rediyo da talabijin. Baffa ya yi ritaya a daidai wannan zamanin, ya ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin sallamarsa ya sayi hannun jarin wani banki da kowa ke cewa ba ya faɗuwa. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar gaba ɗaya ya haura 66,000. Shekara guda bayan nan ya dawo wajen 20,000. A watan Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, a 2011 kuma aka karɓe wasu bankuna uku aka sauya musu suna, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Har Baffa ya rasu takardun shaidar nan suna cikin wata ambulan mai ruwan ƙasa a ƙasan akwatinsa, an naɗe su da kyau cikin leda don kada sanyi ya taɓa su. Ni na buɗe akwatin ranar rabon gado. Takardun fes, da hatimi mai sheƙi, amma ba su sayi ko buhun masara ba. Ma'aunin kasuwar kansa bai sake taka inda ya kai a 2008 ba sai a watan Agustan 2023, bayan shekara goma sha biyar. Wanda ya shiga a saman tudun nan da kuɗin karatun yarinya 'yar aji shida, sai dai jikarsa ta ci moriyar.

Kada mai karatu ya ɗauka na gama yanke wa sukuk nasara. Ba haka ba ne, kuma wannan ne ɓangaren da mai ɗakin ƙanena ba ta so ji ba. Sukuk yana da tabbas a kan adadin naira, amma ba shi da tabbas a kan abin da nairar za ta saya. Ɗauki wanda ya shiga na farkon a 2017 da miliyan 2. An biya shi haya 329,400 duk shekara ba fashi, an mayar masa da uwar kuɗinsa a 2024. Alƙawari ya cika. Sai dai ranar da ya zuba kuɗin litar fetur naira 145 ce, dala kuma wajen 305 a farashin gwamnati. Ranar da aka mayar masa lita ta doshi 900, dala ta wuce 1,500, kuma a watan Disamban wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Miliyan 2 ya bayar, miliyan 2 aka dawo masa da ita, amma ba ita ba ce. A wannan tsakanin ma'aunin kasuwar hannun jari ya tashi daga wajen 38,000 a ƙarshen 2017 zuwa sama da 102,000 a ƙarshen 2024, ban da rabon riba. Dalilin a fili yake: kamfanin siminti ko na sukari yana ƙara farashin kayansa idan naira ta faɗi, ita kuwa hayar sukuk an riga an ƙulle ta tun ranar farko.

Don haka muka yi wa sukuk ma nasa rassan. Idan farashin kaya ya riƙa hawa da kashi 10 duk shekara, abin da miliyan 2 ke saya yau zai buƙaci miliyan 3.9 nan da shekara bakwai. Mai sukuk ya ci riba sosai. Idan 15 ne, miliyan 5.3, ya ɗan haura, in har bai taɓa hayar ba. Idan 20 ne, miliyan 7.2, ya yi asara ko da ya juya kowane kwabo, duk da cewa a takarda zai ga kuɗinsa sun ninka sau uku. Sannan sharaɗin sake juya hayar a kan kashi 18 ba a hannunsa yake ba, don kason yana sauka yana hawa, kamar yadda na 2020 ya nuna. Kuma a gaskiya, kuɗin da ke shigowa asusun magidanci duk wata shida, ga kuɗin makaranta, ga hidimar salla, ga 'yan'uwa a gida, ba kowa ke iya kawar da kai daga gare su ba. Na san ƙanena, hannunsa a buɗe yake. Na gaya masa a gabansa cewa nasa lissafin ya fi kusa da 4.5 fiye da 6.4, sai idan ya ɗaure kansa da wata dabara.

Batun fili ba mu daɗe a kansa ba. Miliyan 2 ba za ta sayi fili mai cikakkiyar takarda a wurin da gari ya riga ya isa ba, kuma a Abuja ikon ba da fili yana hannun ministan babban birnin tarayya ne. Takardar da ba ta da tushe a AGIS, ofishin da ke riƙe da rajistar filayen Abuja, tana iya zama takarda kawai. Reshen asara gaba ɗaya a nan yana da kauri: a sayar wa mutum biyu, ko katafila ta zo. Fili ba ya kawo komai duk shekara, kuma ranar da ake neman kuɗin rajista cikin mako biyu ba lallai a samu mai saye ba sai an karya farashi. Wanda ya san unguwa, ya san masu gari, yana da ƙarfin bin takardu, nasa lissafin daban ne. Ƙanena ba ya cikinsu.

Da ya ga haka sai ya tambayi abin da ya kamata ya tambaya tun farko: ta yaya mutum zai san nauyin da zai ba kowane reshe? Hawan farashin shekara biyun da suka wuce ba hujja ba ce. Sau da yawa ma yana nufin ka zo a makare, ka saya da tsada. Abin dubawa shi ne rahoton kuɗi da kamfani ke fitarwa duk shekara. Ribar kowane hannun jari nawa ce, kuma farashin ya ninka ta sau nawa? Wanda ya sayi shago a kan ribar shekara biyar da wanda ya saya a kan ribar shekara talatin ba ciniki ɗaya suka yi ba, ko da shagon ɗaya ne. Shekara nawa kamfanin ya yi yana raba riba ba yankewa? Sannan bashin da ke kansa, na naira ne ko na dala? Wannan na ƙarshen ya koya wa mutane darasi bayan an saki naira kasuwa ta riƙa yanka mata farashi a watan Yunin 2023. MTN Najeriya, wanda ya sayar wa jama'a hannun jari a kan naira 169 a watan Disamban 2021, kamfani ne da layinsa ke cikin aljihun miliyoyin mutane, amma ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023 da wajen biliyan 400 a 2024, mafi yawa saboda nauyin dala, rabon riba ya tsaya. Ya dawo cin riba a 2025 bayan an amince da ƙarin kuɗin kira da na data. Wanda ya iya jira ya ga farfaɗowar. Wanda kuɗin makaranta ya kama shi a tsakiyar 2024 dole ya sayar a yadda ya samu. Girman kamfani ba ya goge mummunan reshe, yana dai rage masa nauyi.

Ta fuskar halacci, wanda yake damun mu duka, akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic na kasuwar hannun jarin Najeriya da aka kafa a 2012, wanda ke tace kamfanonin da harkarsu ta dace da shari'a, ban da bankunan kuɗin ruwa, ban da masu giya da caca. Jerin yana taimaka wa mai neman inda zai fara. Batun zakka kuma na tura shi wurin malaminsa.

Ga inda na tsaya, kuma har yanzu ina kansa. Ga kuɗin da ke da ranar amfani, irin na karatun yarinya, zuba duka a kamfani ɗaya kuskure ne ko da lissafin tsammani ya ɗan rinjaya wajensa, domin rinjayen siriri ne kuma ya rataya a kan ƙiyasin da ba mu da tabbas da shi, asarar kuwa idan ta zo ba ta gyaruwa. Zuba duka a sukuk ma ban yarda da shi ba a ƙasar da muka ga abin da hauhawar farashi ta yi. Muka gwada rabawa a kan kwalin nan: miliyan 1.2 a sukuk, 800,000 a hannun jari. Ɓangaren sukuk, in ana juya hayar, zai kai miliyan 3.8. Ɓangaren hannun jari, da ƙiyasinmu na farko, tsammaninsa miliyan 2.7. Jimilla miliyan 6.5, wato 200,000 kacal muka sadaukar daga 6.7. Amma mafi munin abin da zai iya faruwa ya tashi daga 400,000 ya koma kusan miliyan 4, ko kusan miliyan 2.9 idan ya cinye hayar. Wannan ciniki ne da ko a kasuwar Wuse ba za a ƙi shi ba. Idan kuma 800,000 ɗin aka watsa su a kamfanoni biyar ko shida na sana'o'i daban-daban, ko aka saka a asusun haɗaka da hukumar SEC mai sa ido kan harkar hannun jari ta yi wa rajista, reshen durƙushewar kamfani guda yana ƙara sirancewa. Abin da ba ya sirancewa shi ne irin guguwar 2008, wadda ba ta bar kowa ba. Ita sukuk ɗin ne garkuwarta.

Wannan rabon na ƙanena ne, ba na kowa ba. Saurayi mai albashi wanda babu ranar da aka yanka wa kuɗinsa, kuma yana ƙarawa duk wata, ya fi kama da ɗan gwari mai tafiya ɗari. Shi zai iya karkata sosai wajen hannun jari, don lokaci yana ba shi damar cin matsakaicin. Dattijon da kuɗin sallamarsa ne abincinsa, irin Baffa, kamata ya yi kason hannun jarinsa ya zama wanda ko ya ƙone ba za a sauke tukunya ba.

Ƙanena ya yi shiru, ya kurɓi shayinsa da ya riga ya huce. Ya ce, "To Yaya, kamfanin nawa fa? In bar shi ke nan?" Na ce a'a, ya ba shi 200,000 cikin 800,000 ɗin, in ya duba rahotonsa ya gamsu. Muka yi maganar abubuwan da ke cin riba a ɓoye: ladan dillali wajen saye da sayarwa, da harajin kashi 10 cikin 100 da ake cirewa daga rabon riba tun kafin ya iso. Na ja masa kunne ya duba sunan dillalin a jerin waɗanda SEC ta yi wa rajista, ya tabbatar an buɗe masa asusu da sunansa a CSCS, inda ake ajiye rajistar hannun jarin kowa, ya cika takardar da za a riƙa turo masa rabon riba kai tsaye banki, kada ya bi sahun dubban da kuɗinsu ke kwance ba su karɓa ba. Hayar sukuk kuma muka yanke cewa za ta riƙa shiga wani asusu daban da ba shi da katin cirewa, duk wata shida a ƙara ta a kan jarin.

Kwalin madarar ya yage ɓangaren da muka yi rubutu ya tafi da shi, yanzu yana hannun mai ɗakinsa. Mun yi da shi duk shekara idan kamfanonin sun fitar da rahotonsu za mu zauna mu sake auna rassan, kuma idan yarinyar ta shiga aji biyar na sakandare zai fara janye kuɗin hannun jarin kaɗan-kaɗan zuwa inda ba ya girgiza, ko kasuwa tana sama ko tana ƙasa.